Ƙishirwar Iska

A Agege, bayan layin dogo,
na yanka naman cinya falle-falle,
siriri har kana hango yatsanka ta cikinsa,
na shimfiɗa a asabari yadda Baffa Jatau ya koya min a Gumel.
Can, kafin la'asar ya bushe ƙayau.
Nan kwana biyu ina kallonsa yana kallona,
laɓe-laɓe, ƙudaje kaɗai ke zuwa gaisuwa.

Iskar Ikko ƙosasshiya ce.
Ta sha teku, ta sha kwata, ta yi gyatsa.
Ka miƙa mata ruwan namanka,
ta ce ta gode, cikinta ya cika.
Gishiri ya jiƙe a kwalba,
ashana ta ƙi kamawa,
takalmin sallata ya yi furfura a ƙarƙashin gado.

Lantana 'yata, mai karatu a Yaba,
ta zo da wani ɗan agogo da ba ya faɗin lokaci,
ta rataye shi a ƙusa. Tamanin da takwas.
Ta ce, "Baba, cikar cikin iska yake aunawa,
saura kaɗan ta fara zubarwa."

Na hura gawayi a kurfoti biyu
cikin ɗakin langa-langa, na ja ƙofa.
Muka leƙo bayan sallah:
allura ta gangaro sittin, hamsin,
ta tsaya a arba'in da biyar tana rawa.
Na ce, "Wuta ta cinye ruwan."
Ta ce, "Ta ina ya bi, ƙofa a rufe?
Ko ɗigo bai ragu ba.
Moɗa guda a ƙoƙo cika ce,
a randa ko gindi ba ta rufewa.
Zafi randar yake ƙara wa girma,
sai iska ta tashi da ƙishi
ta shiga neman abin sha.
Kuma kar ka kwana a ciki, gawayi ba ya sallama."

Na ga gefen nama ya fara naɗewa,
sai kwaɗayi ya kama ni.
Na toshe kowace kafa da tsumma da takardar siminti,
wai kar zafi ya gudu.
Na tafi na kwanta da lissafin riba.

Wuta ta mutu kafin kiran farko.
Kwano ya yi sanyi, randar ta koma ƙoƙo.
Ɗis.
Ɗis.
Rufi na zubar da hawaye jere-jere
a kan labu, a kan yaji, a kan cinyar sa guda.
Ashe rance iska ta karɓa,
kuma ba ta da halin cin bashi:
da asuba ta biya ni duka, har da kuɗin ruwa.
Iya Morufu mai tuwo ta saye a rabin kuɗi,
tana jajanta min tana taya ƙasa.

Ranar na ari almakashin mai walda,
na huda taga tafin hannu biyu can sama,
na ɗage ƙasan ƙofa da bulo.
Yanzu baƙuwa na shigowa ta ƙasa a ƙoshe,
ta ratsa garwashi, ƙishi ya kama ta,
ta lashe naman nan tas
ta fice ta sama da kayanta.
Ba na tsare mai ɗauke da bashina a ɗaki.

Kilishi na karyewa ƙaras a hannu.
Direbobin Kano na tsayawa su saya na dubu biyu.

Wani lokaci ina duban hadari ta wajen Oshodi
in tuna inda ruwan namana ya tafi.
In ya jiƙa ka a kan gada, ɗan'uwa, yi haƙuri,
wataƙila akwai ɗigona a ciki.